Yadda zaka zaɓi shimfiɗar rufin dekin na filaza ko sito: EPDM, TPO ko PVC

Duk shekara da an shiga malka, wajen watan Agusta kenan, wayata bata hutawa kuma maganar ɗaya ce, "Injiniya dekin ɗina yana yoyo, 'yan haya sun hana ni sakat." In kaje ka hau sama sai ka tarar an shafa kwalta har sau uku, an zuba siminti a kai, an ƙara da wani fenti mai tsada, ruwa kuma yana nan yana bin silin yana ɗiga kan kayan mutane. Daga nan ne wasu ke jin labarin shimfiɗar nan mai falle ɗaya, wadda ake kawowa a naɗe kamar tamfol a baza ta a kan rufi a haɗe bakinta, sai su kira su ce wacce tafi kyau in saya? Ni dai bana amsa wannan tambayar ina tsaye a ƙasa, sai na hau rufin tukuna, don rufin ne ke zaɓa ba mai gini ba.

Kafin mu hau, bari ka san su waye su ukun.

EPDM roba ce ta gaske, irin wadda ke zagaye da ƙofar mota tana hana ruwa shiga. Baƙa ce yawanci, tana miƙewa kamar tub ɗin taya, kuma tun shekarun 1960 kamfanin Carlisle na Amurka ke shimfiɗa ta a kan gine-gine. Zafi baya narkar da ita ta haɗe, don haka ba'a yi mata walda, da tef na musamman da ruwan share fage, wanda ake fara shafawa kafin a ɗora tef ɗin, ake manne bakinta. PVC kuwa daga Turai ta fito, Jamus da Suwizalan, ita ma a shekarun 1960, asalinta ɗaya da fayif ɗin ruwa sai dai an zuba mata sinadarin da ke tausasa ta shi yasa take lanƙwasuwa. TPO ce autarsu, wajen 1990 ta shigo kasuwa, fara ce, kuma yanzu ita tafi yawa a kan manyan kantuna da sito-sito a Amurka saboda ta fi PVC sauƙin kuɗi. PVC da TPO duk da iska mai zafi ake musu walda, falle biyu su narke su zama ɗaya. A ido kusan kamarsu ɗaya amma basa haɗuwa da juna, in ka ɗora facin TPO a kan PVC ko kwana zakayi kana hura masa zafi bazai kama ba.

Mataki na farko, hau rufin da takarda da biro

Gani ya kori ji. Rubuta duk abinda ke zaune a sama da wanda ake shirin ɗorawa: tankunan ruwa, injinan AC, sola, dish, ƙarfen allon talla, bututun hayaƙin janareta, bututun hayaƙin kicin. Ka ƙirga duk fayif da ƙafar ƙarfen da ta huda dekin, don kowacce ɗaya wuri ne da sai an yanka shimfiɗa an naɗe shi da hannu, kuma nan ne yoyo ke farawa ba a tsakiyar fili ba.

Abu mafi nauyi a wannan matakin shine maiƙo. Akwai wata filaza da aka kira ni in duba, an sa mata EPDM mai kyau, aikin ma ba laifi, shekara biyu ba yoyo. Sai aka ba wani mai gidan abinci haya a ƙasa, ya fito da bututun kicin ɗinsa ta sama, kullum ana soya kaji da dankali, man yana fita da hayaƙi yana sauka a kan rufi. Ranar da na hau na tarar wajen kamar faɗin tabarma ya kumbura yayi laushi, na danna da babban yatsa sai naji kamar ƙullin alkaki, na ja kaɗan ya biyo hannuna. Mai ginin yana ta faɗa wai an sayar masa da jabu, nace Alhaji ba jabu bace, robar ce bata shiri da mai, ko na girki ko na inji ko gas ɗin janareta, shanye shi take yi ta kumbura. Da an san za'a yi kicin a wurin da PVC aka sa tun farko, don ita ce mai jure kitse da maiƙo a cikin ukun, TPO tana tsakiya, ta fi EPDM juriya amma bata kai PVC ba. PVC kuma ta fi su jinkirin kama wuta, in ka janye mata harshen wuta takan mutu da kanta.

Toh in ginin otal ne, ko gidan abinci, ko gidan burodi, ko masana'antar da ke fitar da tururin mai, kusan an gama magana, PVC. In sito ne na ajiye buhunan hatsi ko kwalaye wanda ba komai a samansa, duk ukun suna cikin takara, sai mu ci gaba.

Mataki na biyu, me ke ƙarƙashi?

Yawancin rufin da ake kiranmu gyara an riga an sa masa shimfiɗar kwalta ɗin nan da ake gasawa da wutar gas. Ka riƙe wannan da kyau: PVC da kwalta abokan gaba ne. In suka haɗu jiki da jiki, kwaltar tana tsotse sinadarin nan mai tausasa PVC, a hankali ta bushe ta ƙandare ta fara tsagewa. Haka ma farin soson nan irin na cikin kwalin firji da ake sawa don tare zafi, shima baya shiri da PVC. Ba wai baza'a iya sawa bane, sai dai dole a raba su da wani mayafi a tsakani, ko a kankare tsohuwar kwaltar gaba ɗaya, kuma wannan kuɗi ne da ya kamata ya fito a kotashan tun farko ba sai an fara aiki ace Alhaji a ƙaro ba. TPO da EPDM basu da wannan matsalar da farin soso, amma a kan tsohuwar kwalta su ma a sa musu mayafi ko a sayi mai gashi-gashi a baya kamar bargo.

In sabon dekin ne kar ka bari a yi gaggawa. Kankare na son kwana 28 ya nuna, kuma nuna daban bushewa daban. Ga gwaji mai sauƙi: yanko leda mai kauri kamar santimita 45 kowane gefe, ka manne ta a dekin da tef ta ko'ina, ka barta aƙalla awa 16, in ka ɗaga kaga raɓa a jikinta ko wurin yayi duhu toh akwai sauran danshi. In aka rufe danshi a ciki, rana na dukansa zai zama tururi ya ɗaga shimfiɗar tayi bororo. Shi yasa nake cewa aikin nan na rani ne, daga ƙarshen kaka zuwa kafin ruwan farko, ba lokacin da 'yan haya suka tada hankali a tsakiyar damina ba. Sannan a goge duk wani tsinin siminti da guntun rodi da kan ƙusa, dekin ya zama sumul.

In kuma rufin kwano ne mai kwari da tudu irin na manyan sito, ba'a shimfiɗawa kai tsaye, sai an cike kwarin an ɗora allo a sama ya zama shafaffe.

Mataki na uku, ina ruwa zai bi

Kakanninmu masu soro sun fi wasu maginan yanzu gane wannan, suna ba rufi gangara, su sa indararo, su shafe da laso da katsi, kuma kafin kowace damina sai an hau an duba. Yanzu sai a zuba dekin shafal kamar faranti a bar ƴan ramuka biyu a farafet, wato ɗan bangon nan da ke zagaye da bakin rufi, ace an gama. Yi lissafi ka gani: ruwan milimita 1 a kan sukwaya mita 1 lita ɗaya ne. Rufi mai mita 30 da mita 20 sukwaya mita 600 kenan, in aka yi ruwan milimita 50 a dare ɗaya lita 30,000 ta sauka a kansa, kusan tankar mai guda. Ta ramuka biyu da leda ta toshe ɗaya zata fita?

A Ingila ƙa'idar ita ce gangara kar ta gaza 1 cikin 80 bayan an gama, kuma a zane akan sa 1 cikin 40 don a bar wa kuskuren ma'aikata wuri, Amurkawa kuma wajen santimita 2 a kowace mita suke bi. Ruwan da ya kwana biyu a rufi bai tafi ba matsala ne ko wace shimfiɗa ka sa. In dekin ɗinka na tara ruwa a gyara gangarar da siminti tukuna, in kuma akwai kwarin da ba yadda za'a yi da shi toh PVC ko TPO mai walda ta fi EPDM mai tef kwanciyar hankali, don bakin tef ne ke fara gajiya in ruwa na kwana a kansa.

Mataki na huɗu, rana

Nan ne masu talla ke cin kasuwa. Gaskiya ne a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, baƙin rufi na iya wuce digiri 70 da tsakar rana, fari kuwa yana mayar da hasken ya rage wa bene na sama zafi ya rage wa AC wahala, kuma mai biyan kuɗin gas ɗin janareta ya san darajar wannan. Amma abu biyu da basa faɗa maka. Na ɗaya ƙurar hunturu, farin nan in ya sha ƙura wata uku ya koma ruwan ƙasa, in ba wanke shi ake yi ba amfanin raguwa yake. Na biyu, fari baya nufin jure zafi. A 2010 ƙungiyar 'yan kwangilar rufi ta MRCA a Amurka ta fitar da gargaɗi cewa wasu TPO suna saurin tsufa a wuraren da zafi yayi yawa, musamman inda gilashi ko bango mai ƙyalli ke maido da rana kan rufi, daga baya aka tsaurara gwajin zafin da ake musu. TPO na yanzu sun fi na da nesa ba kusa ba, amma kowane kamfani da nasa haɗin, don haka a ƙasar rana irin tamu bazan taɓa sa TPO marar suna da aka ciro daga kwantena ana cewa ai duk ɗaya ne ba. In benenka na da bangon gilashi da ke kallon wani rufi na ƙasa, ka kula da wannan wajen sosai.

Abin mamaki EPDM baƙar nan ita ce bata tsoron rana, baƙin da ke jikinta ne ma ke kare ta, akwai rufin da suka haura shekara 30 da ita. Matsalarta zafin da take turawa ciki da kuma ɗan tsukewar da take yi in ta tsufa har ta riƙa jan gefen farafet. In zaka sa ta toh ka sa allon tare zafi a ƙasanta, ko ka nemi fararta, wadda ta fi tsada.

Mataki na biyar, kauri

Kayan Amurka da mil ake auna kaurinsu, wani ɗan ƙaramin awo ne ba mil na nisan hanya ba, na Turai da milimita, kar a ruɗa ka: mil 45 kusan milimita 1.1 ne, mil 60 milimita 1.5, mil 80 milimita 2. Ni a ƙasar nan bana sauka ƙasa da 1.5, in kuma rufin da ake yawan hawa ne, mai gyaran AC yau mai wankin sola gobe, a sa 1.8 ko 2 a kuma shimfiɗa hanyar takawa daga bakin matakala zuwa wurin injina. Ka sa a yanko maka guntu ka kalli gefensa, a PVC da TPO zaka ga raga ta zare a tsakiya, naman da ke saman ragar nan shine ke shan rana, in yayi siriri kamar fatar albasa ka ajiye. Duba jikin naɗin ko takardarsa kaga lambar ƙa'ida: ASTM D4637 na EPDM, D6878 na TPO, D4434 na PVC, kayan Turai kuma EN 13956.

Mataki na shida, yadda za'a kama ta

Hanya uku ce. Mannewa da gam gaba ɗaya, wannan ta fi dacewa da dekin na kankare kuma ta fi kyan gani, sai dai gam ɗin na kama wuta kuma cikin zafin rana yana bushewa kafin a ankara, aikin sassafe ne, kuma kar kowa ya kunna sigari a wurin. Ɗaurewa da sukuru da faifan ƙarfe a bakin kowane falle, falle na gaba ya rufe su, wannan ita ce ta manyan sito masu rufin ƙarfe, ta fi mannewa sauri da araha. Sai dannewa da tsakuwar rafi mai santsi, an fi yi da EPDM, amma nauyin yana kai kilo 50 a kowace sukwaya mita, sai injiniyan gini ya yarda, kuma ranar da yoyo ya zo sai an kwashe duwatsu kafin a gano wurin.

Ko wacce ka ɗauka ka tuna da iskar farkon damina, wadda ke yaye kwanon makarantu duk shekara. Iska ta kusurwa da gefe take fara ɗaga rufi, don haka sukuru a gefe da kusurwa dole su fi na tsakiya yawa. In kaga ma'aikaci yana jera su tazara ɗaya tun daga tsakiya har baki, tsayar da shi.

Mataki na bakwai, wa zai haɗa bakin

Wannan ne ya fi duk na baya, kuma saboda shi na sha canza shawara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shimfiɗar nan kuma tsagarta a mahaɗa take. Kana iya sayen Sarnafil ta kamfanin Sika ko kayan Carlisle ko GAF da dala mai zafi, ka ba wanda bai taɓa riƙe bindigar iska mai zafi ba ya lalata maka su a sati ɗaya.

Kar ka tambayi ɗan kwangila ko ya iya, kowa ya iya. Ce masa Malam kawo injinka mu gani. Masu aikin gaske zaka gansu da bindigar hannu, yawanci ta kamfanin Leister, da ƴar tayar roba ta dannawa, babban rufi kuma da injin da ke tafiya da kansa a kan layi. Ka tambaye shi da wace wuta zai yi aiki, don in wuta na hawa tana sauka zafin injin ma haka zai riƙa yi, wani wuri ya ƙone wani wuri bai kama ba kuma ido bazai nuna maka ba. Janareta mai ƙarfi nasa na kansa, ba wanda aka jona masa injin yankan tayil da famfon ruwa ba.

Sai ka sa yayi gwaji a gabanka. Ya haɗa guntaye biyu, faɗin waldar ya kai santimita 4, a bari ya huce, a yanko siriri kamar faɗin yatsa biyu ka ja da ƙarfinka. In waldar tayi kyau naman shimfiɗar ne zai yage har kaga raga, in kuwa ta buɗe salin alin kamar an ɓare ayaba toh bata kama ba. A rana sau biyu ake wannan gwajin, da safe da kuma bayan azahar, don saitin da yayi daidai da sanyin safiya zai ƙona ta in rana ta take. In an gama kowane layi a bi shi da ƙarfe mai dakushin baki ana lalube, inda ya shige a yi alama a gyara ranar.

PVC ta fi yafiya a walda, ko saiti ya ɗan kauce tana kamawa, kuma ko ta tsufa tana karɓar faci. TPO ta fi tsiwa, tazarar da ke tsakanin bai kama ba da ya ƙone kaɗan ce, kuma in ta kwana a buɗe ta sha ƙura sai an goge ta da ruwan gogewarta. Ƙura dai abokiyar gabar kowa ce, har tef ɗin EPDM baya kama wuri mai ƙura.

In ginin yana garin da ba mai injin walda ko kusa, anan EPDM ke cin zaɓe. Bata buƙatar wutar lantarki, kuma ana yin fallenta da faɗi har mita 15, ƙaramin rufi falle ɗaya ya rufe shi ba mahaɗa ko ɗaya a tsakiya, in ta huje kuma faci ne kusan irin na mai faci a bakin titi, sai dai da kayanta na ainihi ba solushan ɗin taya ba.

A gefe kuma shimfiɗa ta hau jikin farafet aƙalla santimita 15, a danne bakinta da sandar alminiyam a toshe da abin toshewa, in da hali ma ta haye kan farafet ɗin gaba ɗaya a rufe da hula.

Mataki na takwas, takarda da gwajin ruwa

Garanti iri biyu ne, na kaya kawai da na kaya da aiki. Zaka ga an rubuta shekara 15 ko 20 a kwali, tambaya ita ce waye zai zo in ta yi yoyo, kuma garantin yana aiki a Najeriya ko Nijar ko kuwa a ƙasar da aka ƙera ta kawai. Manyan kamfanoni basa ba da cikakken garanti sai wanda suka horar ne yayi aikin kuma gam da sukuru da komai nasu ne. In ka kwatanta kotashan ka kwatanta gaba ɗaya, mayafi, gam, kusurwoyi, bakin magudana, hanyar takawa, kuɗin aiki, don wani zai rage kuɗin naɗi ya ɓoye sauran.

Kafin ka biya kuɗin ƙarshe a toshe magudanai a tara ruwa kamar santimita 5 ya kwana ya wuni, awa 24, kana zagayawa ƙasa da tocila kana duba silin. Ruwan nan kilo 50 ne a kowace sukwaya mita, a tambayi injiniyan gini kafin a tara, kuma kar a yi ranar da hadari ya haɗo.

In an gama ka karɓi ragowar shimfiɗar da takardar jikin naɗi ka ajiye a sito inda rana bata kaiwa, ka rubuta sunanta da kaurinta a jikin ƙofar hawa sama, ka sa kwaɗo a ƙofar. Mai sa dish da mai sola duk wanda zai hau ya biyo ta hannun mai gadi, a gaya masa ba'a huda komai, ba'a jan ƙarfe a ƙasa, kuma in zai yi waldar ƙarfe a sama ya shimfiɗa allo tukuna saboda tartsatsi.